Ammu Mus'ad Mai Hoto da Sunayen da Na Goge

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mus'ad Abul-Ainain mai hoto, wanda duk garin ke kira Ammu, wato baffa, a gidansa da ke bayan kasuwar kifi ta Izbatul Burji, yana da shekara saba'in da takwas. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinsa za a tattaru, da mai ɗaukar hoton da wanda aka ɗauka. An yi masa salla bayan la'asar. Jiragen kamun kifi huɗu da suka gama lodin ƙanƙara sun ɗage fitarsu zuwa washegari, saboda mutumin da bai taɓa jefa taru a ruwa ba.

Ni ba marubuci ba ne. A aji shida na bar makaranta, sana'ata gyaran waya da kwamfuta a ɗan shagon da ke kallon nasa. Amma akwai maganar da ka hana ni faɗa kana da rai, Ammu, na kuwa riƙe ta wata goma sha huɗu. Yau zan faɗe ta, domin duk wanda bai ji ta ba bai gama sanin ka ba.

Shekara hamsin da biyar kana ɗaukar hoton mutanen garin nan. Ba saurayin da ya nemi takardar shiga teku bai zauna a kan kujerarka ba. Kwat ɗaya kake da ita a rataye bayan ƙofa, da laktaye ɗaya, su kowa ke sawa. In ta yi wa mutum yawa ka kama bayanta da abin shanya, in ta yi masa kaɗan ka ce ya riƙe numfashi. Idan ka ɗauki hoton farko yana murtuke da fuska yadda hukuma ke so, sai ka jefa masa wata magana a kan hancinsa ko a kan jirgin ubansa, yana fashewa da dariya ka sake dannawa. Kullum abin da kake cewa ke nan: "Ɗaya na gwamnati, ɗaya na uwarka." Na biyun ba ka sayar da shi. Ajiyewa kake yi. Ran da jirgi ya fita bai dawo ba, ko ya dawo an rasa mutum ɗaya a ciki, kai ne kake wanke wannan hoton ka sa a firam, ka kai gidan da ƙafarka a rana ta uku, ka ajiye ka fito ba ka tsaya shan ko gahawa ba. Ban san bango nawa ne a garin nan yake ɗauke da irin wannan dariyar ba.

Rabin mazan Izba Sayyid ne, sauran rabin Muhammad, saboda haka ba ka yarda da suna shi kaɗai ba. A bayan ambulan ɗin kowane fim kana rubuta suna, da laƙabin gida, da sunan uwa, da jirgin da mutum yake aiki. Da 'yarka Abla Nawal ta saya maka kwamfuta da na'urar da ke mayar da fim hoton kwamfuta, shekara shida ka yi kana shigar da su, kana buga bayanin kowa da yatsa ɗaya a ɗan gurbin da manhajar hotunan ta tanada ƙarƙashin kowace fuska. Ambulan ɗin kuwa danshin teku ya riga ya cinye su, ragowar ka ba mai suyar ƙosan ta'amiya ta bakin jirgin fito tana naɗe wa mutane karin kumallo. Daga nan in mace ta zo neman hoton mijinta, laƙabi kawai za ta faɗa, kafin ta gyara zama ya fito.

A watan Agustan bara ni na zo maka da shawara. Kwamfutar ta tsufa, sai ka sha kofin shayi guda kafin ta farka. Na ce a sauke babbar manhajar da ke tafiyar da ita, a ɗora wata marar nauyi wadda ba a biyan kuɗinta. Na yi wa mutane da yawa haka, ba wanda ya dawo da kuka. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Nagi, ni ban san wannan yaren ba. Mutanena dai, kada ka zubar min da ko ɗaya a kogi." Na kwafe hotunan a faifai biyu, na ƙirga nan na ƙirga can, dubu talatin da ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu, babu ragi. Sannan na goge kwamfutar tas, na ɗora sabuwar.

Ta tashi kamar ƙiftawar ido. Hotuna duk suna nan. Sai dai gurbin da ke ƙarƙashinsu fayau yake. Ashe sunayen ba a jikin hotunan suke ba, tsohuwar manhajar tana tara su ne a wani ɗan kundi nata a wani lungu dabam, ni kuwa foldar hotuna kaɗai na ɗauka. Kowane fayil lamba ce kawai a kansa. Kwanan wata ma ya tafi, duka sun koma ranar da na yi kwafin. Kwana uku ina tonon faifan kwamfutar. Na ɗauke shi na kai wa wani injiniya a Dumyaɗ, ya duba ya ce sabuwar manhajar ta zauna daidai inda kundin yake, babu abin da za a tono.

Da na dawo na faɗa maka, ka cire tabarau ka daɗe kana goge shi da bakin riga. Sannan ka matso da fuska jikin allon, ka karanta kwanan watan, ka ce, "To, kowa a garin nan ranar Alhamis aka haife shi ke nan."

Na ce, "Ammu, ka zage ni mana."

Ka ce, "In na zage ka za su dawo? Ɗan Awad, ubanka ma ya taɓa fasa min fitila, ga shi har yau ina gaishe shi. Jawo kujera. Wannan Sayyid ɗin Ummu Hilmi ne, na gidan Ƙarmuɗ. Rubuta."

A wurin shan shayi kuwa, da aka tambaye ka, cewa ka yi kwamfutar ce ta fara mantuwa irin ta mai ita. Aka yi dariya, magana ta wuce. Da na ce zan faɗi gaskiya, ka riƙe hannuna ka ce garin ƙarami ne, in suka ji ko rediyo ba mai sake ba ni gyara, ga shi an sa ranar aurena. Jama'ar Izba, ku ji yau: ba kwamfuta ba ce. Ni ne.

Nauyin abin bai sauka a kaina sosai ba sai da Ummu Hani ta zo. Tsohuwa ce, mijinta ya nutse tana da ciki, hoton da Ammu ya kai mata kuma ruwan sama ya lalata shi shekarar da rufinsu ya yi yoyo. Tana son jikarta ta tafi gidan miji da fuskar kakanta. Kwana huɗu muna jan hotuna ɗaya bayan ɗaya kafin ya fito. Tana fita na dubi Ammu, na dubi farin da ya fara rufe masa idon hagu, na gane cewa sauran kundin da ya rage a duniya shi ne wannan tsohon da ke tari a gabana.

Muka sa wa kanmu lokaci: daga bakwai na safe zuwa goma, kullum ban da Juma'a. Kai kana faɗa, ni ina bugawa. A nan na ga yadda kake gane mutum. Ba ido kake fara duba ba, kunne ne, ka ce fuska tana canzawa amma kunne na gado ne. Shekara kuwa daga labulen baya kake ciro ta: mai bishiyar dabino na zamanin farko ne, shuɗi ya biyo baya, in kuma akwai ɗinki a gefen hagu na shuɗin to bayan shekarar da akuyar maƙwabci ta shigo shago ne. Laktayen ma ya yi ɗigon mai a wata shekara. Kafin sanyi ya shigo ni kaina ina iya cewa wannan na tamanin da bakwai ne, ka ce, "Da takwas, jaki, dubi ɗigon."

Ka kuma kafa min doka, kai da ka ce ba ka san yaren ba. Ka ce a kasuwa a jikin akwatin kifi ake rubuta sunan mai shi da fenti, ba a takardar da ke aljihun ɗan dako ba. Saboda haka kowane hoto sunansa na fayil ya zama shekara, suna, laƙabi, uwa, jirgi, yadda ko wace irin kwamfuta aka kai shi zai faɗi ko shi wane ne. Duk ƙarshen wata in kwafe a faifai uku: ɗaya a shago, ɗaya a gidana, ɗaya a aika wa Abla Nawal a Mansura. Kuma kafin in ce na gama, in jona faifan a kwamfutar wani in buɗe in gani da idona.

Da bazara ta shigo ƙafa ta hana ka saukowa shago, na hau da kwamfutar falonku. Idon ma ya ƙara ja baya, har sai na faɗaɗa hoto kunne ya cika allo. Wata safiya muka zo kan wani siririn saurayi, gashi cunkus, babu kwat babu laktaye, a gaban labulen dabino. Ka duba, ka sake dubawa. Na faɗaɗa kunnen dama, na faɗaɗa na hagu. A karon farko tun da muka fara na ji ka ce, "Ban san shi ba." Muryarka ta yi ƙasa.

Matarka Hajja Zakiyya tana gefe tana tsintar shinkafa a faranti. Ta ɗago kai sau ɗaya ta ce, "Ba ka san shi ba? Ni na san shi, shekara hamsin da biyu ina wanke masa riga. Kai ne, mai kunnen faranti. Ranar da maigidanka da ya koya maka hoto ya sayi sabuwar kyamara ne ya gwada a kanka."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ka ce, "Hajja, ashe haka nake da kyau kika bar ni ina roƙon ubanki wata tara?"

Ta ce, "Gashin aka duba, ga shi ya gudu ya bar ni da kunnen."

Da tarin ya lafa ka juyo gare ni ka ce, "Rubuta: Mus'ad, na Ummu Mus'ad, ba shi da jirgi. Sannan ka saurara. Wanda ya manta fuskarsa bai kamata a bar masa gari shi kaɗai ba. Kira mutane."

Haka zaman Juma'a ya samo asali. Bayan la'asar nake fito da babban allo ƙofar shago, matuƙan jirgi biyu su sauko da kai a kan kujera. Ba a rubuta suna sai mutum biyu sun yarda. Maza suna ta musu, Rayyis Aɗwa mai jirgi ya rantse wane ne, wani ya rantse ƙanensa ne, sai wata tsohuwa daga baya ta ce duk ku yi shiru, ni na yi masa wankan jego, ga tabon murhu a haɓarsa. Mata sun fi mu nesa ba kusa ba. A yamma ɗaya sukan warware abin da ni da kai za mu yi mako muna juyawa. Kai kuwa kana zaune ido a lumshe kana saurare, in an yi daidai ka gyaɗa kai, in an kauce ka buga sanda a ƙasa.

Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin rasuwarka, na hau na gaishe ka. Ka tambaye ni nawa suka rage. Na ce dubu biyu da ɗari biyu da shida. Ka ce, "Ba yawa. Kada ka yi sauri, kada ka yi ƙage. Wanda ba a gane ba ka buɗe masa folda ka ajiye shi, kada ka goge. Yana da uwa."

To, jama'a, da izinin Hajja Zakiyya zaman Juma'a yana nan, a wurinsa, a lokacinsa. Duk mai tsohuwa a gida ya riƙo hannunta ya kawo ta. Wanda ke ƙasar waje ya aiko da lambarsa, zan tura masa fuskoki ya nuna wa na kusa da shi. Za mu gama su. Na san hanyar yanzu, kuma ba na gajiya da zama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajja Zakiyya, da Abla Nawal da mijinta da 'ya'yansu, da ƙanensa Hajj Fu'ad, da dukan gidan Abul-Ainain na nan da na Dumyaɗ, da kowane gida da ya taɓa buɗe ƙofa ya gan shi tsaye da firam a hannu. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya sa albarka a kwanakin da suka rage muku.

Ya Allah, bawanka Mus'ad ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka masa shi fiye da yadda idonsa ya taɓa ganin haske. Ya rufa min asiri a ranar da yake da ikon tona shi, ka rufa masa nasa a ranar da ba mai rufawa sai kai. Ka tashe shi cikin mutanen da ya yi wa hidima, na tudu da waɗanda teku ta riƙe, ka kira kowannensu da sunansa zuwa ga rahamarka. Amin.

Nagi Awad
Mai gyaran waya, titin kasuwar kifi, Izbatul Burji