Na'urar da ta wanke Maigida

Ina zaune a ƙofar ɗakinmu a unguwar Nima, ina amarya, na nutse cikin littafin soyayya, sai ga Maigida ya shigo yana dariya. Ya kwana biyu bai yi ta ba.

Shi ke kula da sito a wani kamfanin sabulu. Kayan da aka tura unguwar Madina sun ɓace, aka ce ya fito da su ko a kore shi da sunan ɓarawo. A shekarun casa'in ne, an fara liƙa wa kowane katan takarda mai zane-zane, na'ura tana karantawa. Ya tsane ta, wai aikin mutane ta zo ƙwacewa.

Ya ce, "Amarya, kayan suna Kumasi! Direban Madina da na Kumasi ne suka yi musayar wurin tsayawa don saurin Juma'a, 'yan lodi suka zuba wa motar da suka tarar. Na'urar sitonmu na can ta gane su."

Na ce, "A littafi, kyakkyawan saurayi ne ke zuwa ba da shaida."

"To ni nawa saurayin ƙit-ƙit kawai yake yi, kuma na yafe masa muninsa."

Har yau in na ji ƙarar nan a kanti sai na yi hamdala. Ku fa, me kuka taɓa tsana ya zo ya cece ku?