Glenys Mai Sulken Soso da Hannun Ƙaguwar da Rana Ta Narkar

Mu mazauna layin bayan tashar jirgin ƙasa a garin Ipswich na jihar Queensland ba mu da bukatar agogo. Da an ji ƙofar garejin Glenys Tulloch ta yi ƙara tana hawa sama, to gari ya waye. Sai ta ɗora buta, ta kunna rediyo, ta zagi jemagun da suka kwana suna yi mata ɓarna a mangwaro, sannan ta zauna wasa wuƙa. Kullum sai ta wasa, wai soso ya fi ƙashi cin kaifi. Daga barandata nake hango komai. Ba leƙe nake yi ba, kujerata ce Allah ya sa ta fuskanci can.

Abin da take yankawa tabarmar soso ce, mai taurin nan da ake shimfiɗawa a ɗakin motsa jiki. Ta yanka, ta hura wa yankin zafi da wata na'ura mai kama da ta busar da gashi har ya yi laushi, ta kifa shi a gwiwarta ta lanƙwasa, ta riƙe har ya huce. Rabin kafaɗun jaruman garin nan a kan gwiwar Glenys aka fitar da su. Kwalkwali kuwa a gindin tukunyar marigayiya surukarta take lanƙwasa shi, ta ce tukunyar ba ta taɓa fitar da abin kirki ba sai yanzu. Daga nan sai gam irin na masu gyaran takalmi. A shafa gefe biyu, a bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. Sai gogewa, sai fenti. Kafin ka ankara abin da ka gani jiya ana takawa a ƙasa ya zama sulke, yana walƙiya kamar ƙarfe, in ka ɗaga kuma bai kai burodi nauyi ba.

Da can kujerun bas take ɗinkawa, ta yi shekaru a kai har gashinta ya yi fari. Wata rana wasu samari da 'yan mata suka zo roƙon ragowar soso. Suna da ƙungiya ne, suna yin shigar jaruman nan na littattafan zane suna kai wa marasa lafiya ziyara a ɓangaren yara na asibiti. Ta ga sulken kwalin da suka zo da shi, ta ce ko ita da take babba in ta ga wannan a gadon asibiti ciwonta ƙaruwa zai yi. Tun daga ranar ta zama tasu.

Glenys ba ta awo da igiyar tela. In ka zo, sai ta sa ka tsaya da 'yar singileti, ta naɗe ka da ledar rufe abinci, ta bi da salatef mai kauri har ka koma kamar kifin da za a gasa. Ta zana layuka a jikinka, ta yanke da almakashi, ta shimfiɗa a tebur, ga samfurin jikinka nan yadda yake. Mai tumbi ba ya iya ɓoye mata tumbi, in ya haɗiye numfashi sai ta yi ta ba shi labari har ya gaji ya saki. Dokarta ɗaya ce: ba ta gina wa mutum jikin da ba nasa ba. Babu ƙugun da ba ta san girmansa ba a unguwar nan, har na matar fasto, amma na kai mata kek ba sau ɗaya ba, ba ta taɓa tsegunta mini ko ɗaya ba. Wannan kaɗai ne aibinta.

Mutane sun ga abubuwa da yawa daga hannunta. Akwai 'yar ƙungiyar da ta samu ciki, Glenys ta yi ta ƙara mata faɗin sulke wata bayan wata, har yara suka ɗauka sabon makami ne. Amma ni labarin Tavita zan ba ku, don a gabana aka yi.

Tavita Leota ɗan tsibirin Samoa ne, ƙato, sai ya sunkuya yake shiga garejin. Shi ne Kyaftin Ƙaguwa, jarumin da 'yan ƙungiyar suka ƙirƙiro da kansu, ja jawur daga sama har ƙasa. In ya shiga ɗakin yara, har waɗanda aka hana tashi sai sun ɗago kai. Bara waccan inji ya kama masa hannun hagu a wurin aiki, aka yanke daga saman gwiwar hannu. Ya warke, aka sallame shi, ya shiga gida ya rufe ƙofa. Ya bar ƙungiya, ya bar mawaƙan coci, shi da muryarsa take girgiza tagogi. Matarsa Luisa ta gaya mini ko zafi ya kai ina, riga mai dogon hannu yake sawa, ya cusa hannun rigar cikin aljihu. In baƙi suka zo sai ya zagaya bayan gida ya zauna wurin kaji. Tsoron Luisa shi ne kada zaman nan ya zame masa na har abada.

Mu duk mun aika kati da furanni. Glenys ba ta aika komai ba. Da Kirsimeti ya matso, ta ɗauki leda da salatef ta je ta buga ƙofa, ta ce ta ji ya rame, tsohon sulken zai yi masa yawa, awo ta zo yi. Daga bayan ƙofar raga ya ce mata ta yi haƙuri, ya daina. Ta ce ba komai, ta zauna a matakala, Luisa ta kawo mata gwaza da madarar kwakwa, ta cinye ta tafi. Washegari ta dawo. Ta yi ta dawowa har Luisa ta fara ƙara gwaza a tukunya. A ƙarshe ya fito, ya ce zai je, amma da sharaɗi: a yi masa ƙaton hannun ƙaguwa daga kafaɗa har inda yatsu suke a da, yadda babu wanda zai gane. Wannan kuwa karya dokarta ne ƙiri-ƙiri. Amma sai ta ce ya tuɓe riga.

Luisa ta ce ban da likita babu wanda ya taɓa taɓa dungulmin nan, har ita. Glenys kuwa ta kama shi kamar yadda take kama kowane hannu, ta naɗe, ta zana, tana ta ba shi labarin ciwon ƙafar mijinta Clarrie da yadda yake satar giya a bayan injin wanki. Ko sau ɗaya ba ta ce masa sannu ba.

Makonni ta yi a kan hannun nan. Ciki fanko, ba nauyi, ta sa masa igiya a ɓoye yadda in ya ɗaga kafaɗa bakin zai buɗe ya rufe. Ban taɓa ganin ta yi abu mai kyansa ba.

Ranar ziyara, mu muka yi gaba da kek da kular lemo, aka bar wa Clarrie sulken ya biyo mu da shi a cikin a-kori-kurarsa. Duk mai wannan aiki a Queensland ya san ba a barin soso a rufaffiyar mota a watan Disamba, lokacin da zafi ya fi tsanani a nan. Zafi ne ya lanƙwasa shi, zafi kuma zai warware shi. Clarrie ya fi kowa sani, ya sha ji har ya haddace. Amma hanyar ta bi ta gaban kulob ɗin da suke shan giya, ya ce bari ya leƙa ya gaida mutane, ya tarar ana wasan ƙwallon kurket a talabijin. Gilasai a rufe, mota a tsakiyar rana.

Da ya iso filin ajiye motoci na asibiti aka buɗe ƙofa, wani tururi mai warin gam ya buso. Sulken ƙirji ya saki ya baje. Hannun ƙaguwa kuwa duk haɗinsa ya ɓalle, ya langaɓe kamar dafaffen alayyahu. Clarrie ya cire hula ya riƙe a ƙirji kamar a maƙabarta. Glenys ko kallonsa ba ta yi ba. Nasa rabon sai da aka koma gida, kuma duk layin mun ji, ba sai na maimaita ba.

Tavita ya dubi hannun, ya juya ya nufi motarsu. Luisa ta runtse ido.

Glenys ta kira sunansa, ba da ƙarfi ba. Ta ce masa na ƙirjin tana iya ceto shi tunda har yanzu da laushi, amma hannun ya mutu, ba za ta yi masa ƙarya ba.

“Zaɓi naka ne, ɗan nan. Ko ka koma wurin kajinka, ko in gama sulken a inda hannunka ya ƙare.”

“Yara ne fa, Anti. Za su tsorata.”

“Waɗancan? Da ake soka wa allura safe da yamma? Kai ne dai matsoracin, ga ka ƙato kamar firij.”

Ni kaina sai da gabana ya faɗi, don ba a gaya wa Tavita irin wannan. Ya tsaya yana kallon tagogin bene, inda aka manna taurarin takarda, ga kawuna ƙanana suna leƙowa. An riga an gaya musu Kyaftin zai zo. Sannan ya kama wuyan rigarsa da hannu ɗaya ya zare ta, a nan filin, a gaban masu wucewa.

“Yi maza, Anti, kafin zuciyata ta juya.”

Ta manna masa sulken ƙirjin da ɗuminsa, ta sa Luisa ta danne, ta sa Clarrie ya yi ta goga ƙanƙarar kula a kai har soson ya huce ya riƙe siffa. Ta yanko ɓangare mai kyau daga mataccen hannun, ta lanƙwasa shi a kan dungulmin kansa, ta ɗaure da jan salatef, ya zauna ɗas kamar hula. Ta ce ya yi sabo da yawa, jarumi ba ya dawowa daga yaƙi ba ƙwarzane. Ta miƙo mini hannu ba tare da ta waiwayo ba, ta ce in ba ta jagirar da nake zana girar da ba ni da ita. Na ba ta. Ta zana masa tsage-tsage baƙaƙe, ta ƙarar mini da ita tas.

Da muka shiga ɗakin, yara duk suka zuba wa dungulmin ido. Na ga gumi yana bin wuyan Tavita. Sai wata yarinya mai kai ƙwal ba gashi, tana jan sandar ƙarin ruwa, ta tako har gabansa, ta ƙwanƙwasa hular soson da yatsa. Ta tambaye shi ina sauran. Ya ce inji ne ya cinye. Ta tambaya ko da zafi.

“Da can da zafi,” in ji shi. “Yanzu ƙaiƙayi ne ya dame ni.”

Ta ja wuyan rigarta ta nuna masa ɗinkin da ke ƙirjinta. “Nawa ma. Kuma an hana ni sosawa.”

Ya durƙusa, suka shiga ƙorafin ƙaiƙayi kamar tsofaffi biyu a layin ganin likita. Kafin a jima yara sun yi layi, kowa sai ya ƙwanƙwasa. Wani ma ya ce a ara masa ya gwada. Na nemi Glenys ban gan ta ba, ashe tana can waje a bakin ƙofa, wai warin gam ne ya shiga mata ido.

Tun daga ranar Tavita bai koma wurin kaji ba. Ya koma coci, tagogi sun koma girgiza. Shi ke zuwa kanti yanzu, ya tsaya hira a bakin titi har madara ta yi ɗumi.

Yanzu Glenys za ta ajiye wuƙa. Yatsunta sun kumbura, likita kuma ya ce ƙirjinta ya sha gam ya ƙoshi. Ta ce kada in rubuta komai, wai soso kawai take yankawa. To na rubuta.

Glenys, ke ce mai naɗe mutum da leda ki sake shi jarumi. Ke ce kika ga tumbinmu da tabonmu da ramarmu, kika rufe baki. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, in an ɗauki hoto kina can baya da almakashi a aljihu, rabin fuskarki ma ba ta fitowa. Uwar gwiwa, mai hannun da ya yi kanta don aiki, mai baki kamar reza. Mun gode. Allah ya sa yatsun nan su huce, ya shirya miki Clarrie.

Ku kuma masu ƙuruciya da lafiyar hannu, garejin yana buɗe duk Asabar har ƙarshen bazara, ta ce za ta koya wa duk wanda ya zo. Za ta zage ku, wannan na yi muku alkawari. Ku jure ku koya, don ɗakin yaran nan ba ya rabuwa da sababbin baƙi, kuma wani ne zai yi musu sulke.

Luisa ta ba ni saƙo, ta ce ita in ta tsaya a gabanki kuka zai hana ta faɗa. Ta ce in gaya miki likitoci sun sallamo mata mijinta tun tuni, amma sai a ranar nan ya dawo gida.