Saniyar Bakin Layinmu a Delhi

Kakana dillalin shanu ne tun kafin a haifi uwata. A unguwarmu ta Congo-Russia a Jos kowa ya san tafiyarsa, sanda a wuya, hannuwa rataye a kanta. Da gwiwarsa ta ƙi, 'ya'yansa suka haɗa kai aka kai shi Delhi a yi masa aiki. Ni aka haɗa shi da ni, don ni kaɗai ce ba na tsoron bakinsa. Jika ai ba ta kunyar kaka. "Mijina" nake ce masa, shi kuma ya ce da ni uwargida mai ƙona tuwo.

Aiki ya yi kyau. Likita ya ce saura tafiya, in bai riƙa taka ƙafar kullum ba gwiwar za ta sandare, daga nan sai keken guragu. Tsoho ya yi kunnen uwar shegu. A ɗakin da muka kama, ƙasan wani bene cikin lungu, ya juya fuska bango. Wai garin da ba a gaisuwa, ba a cin nama, hon ɗin motoci tun asuba, ina zai taka ya je? Na lallasa, na yi faɗa, duk a banza. Tsoro ya kama ni sosai, kada in mai da shi Jos a kan kujera.

Ni kuwa garin ya fara shiga raina. Na koyi tsallaka titi irin na 'yan gari, ka ɗaga tafin hannu ka kutsa, masu Keke Napep da babura su san yadda za su yi da kai. Mai shayin bakin layi yana hango ni yake zuba min a ɗan kofin yumɓu. A wurinsa na lura da saniyar. Fara ce mai tozo, kwance tsakiyar hanya tana tauna leda, motoci na kewaye ta kamar shataletale. Ba mai ita, ba mai korarta. A can baƙo ne kaɗai ke waiwayar saniya.

Na koma ɗaki na zauna ina ɓare lemo.

"Mijina, ashe duk cika bakinka a kasuwar shanu na banza ne. Yau na ga saniyar da ba ka taɓa sayar da irinta ba. Leda take ci, mai shayi ya ce ta fi dusa sa ƙiba."

Bawan Allah mai shayi bai faɗi haka ba, ni na ƙaga maganar. Tsoho ya juyo.

"Leda? Ke kina da hankali kuwa? Kashe ta za ta yi."

"To ni ina ruwana. Masu gwiwa sai su je su gani."

Ya zage ni, ya zagi tuwona, sannan ya ce in miƙo masa ƙarfen dogarawa.

Kafin mu kai bakin layi gumi ya jiƙa masa riga, yana cije leɓe, bai dai tsaya ba. Da ya isa wurin saniyar ya yi mata ƙas-ƙas da harshe irin na makiyaya, ta miƙe. Ya zare ledar daga bakinta. Sai halin dillanci ya motsa. Ya buɗe bakin ya duba haƙora, ya latsa ƙugu, ya shafa tozo, ya ɗaga murya da Hausa yana tambayar mai ita ya zo a yi ciniki. Na ja masa riga, domin a garin nan saniya abar girmamawa ce.

Mutane suka taru. Wata tsohuwa ta tambaye ni da Turanci me yake cewa. Na ce addu'a yake yi wa saniyar. Ta haɗa tafuka, ta miƙa masa gurasa ya ba saniyar.

A hanyar komawa yana ta mita, wai gari guda an rasa mai tausayin dabba. A bakin ƙofa ya tsaya yana haki.

"Gobe da sassafe ki tashe ni. In ban je ba wata ledar za ta ci."

Na ce to. Na shige banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ina kukan murna.