Yadda Waya Ta Mayar da Gonata Juji

Daga gida zuwa Malumfashi

Muna idar da sallar asuba na sa wayata a aljihu na nufi rugar maƙwabcina Malam Bello, raina a ɓace. Na yi shekaru ban sa wa gonata wuta ba. Bayan girbi shanunsa ne ke shiga su ci kara su bar mini taki, kuma inda na shuka masara bana, baɗi waken suya nake sawa. Duk wannan ina shigarwa a manhajar da wata ƙungiya ta saka mana a waya: ranar shuka, ranar da shanu suka shiga, har hoton gawon da na bari ya tsiro. Kwatsam sai ga saƙo, wai tauraron ɗan'adam ya hango wuta a gonata, an cire ni daga shirin, babu ni a rabon irin bana. Wato dai ni maƙaryaci ne.

Na ce, "Malam Bello, taso ka yi mini shaida."

Ya ce, "In ka ƙona karan, to shanuna toka suka ci?" Ya rataya jakarsa muka tafi.

Ɗan acaba ya kwashe mu har Kafur, sanyin safiya na dukanmu. Can muka sha koko da ƙosai a tsaye, muka shiga motar Malumfashi. Da hantsi muna ƙofar ofishin ƙungiyar. Sani, wanda ya zo ƙauyenmu ya yi mana rajista, yana zaune yana latsa waya. Na faɗa masa abin da ya kawo mu, ko ɗagowa bai yi ba.

"Baba, na'ura ba ta ƙarya."

"Ni ke nan nake yi?"

"Ni ban ce ba. Gyara dai sai Funtua."

Na nuna masa hotunan shanu a cikin kara, ya ce shanu duk kamarsu ɗaya. Malam Bello ya ja hannun rigata muka fita.

Hanyar Funtua

Sai bayan azahar bas ɗin ta cika. An cusa mu a baya tare da buhunan barkono, muna ta atishawa. Kafin Bakori muka tarar da shingen bincike. Mai binciken ya leƙo, ya tsallake kowa, ya nuna Malam Bello da yatsa.

"Kai, sauko. Daga wane daji?"

Aka zazzage jakarsa a bakin titi: maganin shanu, carbi, da furar da matarsa ta ƙulla masa. Furar ta gangara cikin ƙasa. Na diro na ce, "Ranka ya daɗe, wannan mutumin tare muka yi makarantar allo. Kakansa a garinmu aka binne shi!"

Direba ya ce, "Alhaji, don Allah yi shiru, kar ka ja mana kwana."

Aka sake mu. Malam Bello ya tattara kayansa, ni kuwa kunya ta hana ni kallonsa, don ni na fito da shi daga gida. Gaba kaɗan taya ta fashe. Kafin mu shiga Funtua an tashi daga ofis.

Gidan ƙanwata Hajiya Rabi muka sauka. Ta yi mana tuwon masara da miyar kuka, mijinta ya shimfiɗa mana a zaure. Da ta ji labari ta ce, "Yaya, a kan iri za ka wahalar da kanka haka?" Na ce ba iri ba ne. A masallaci ni na tsaya na ce wa mutane su daina ƙona kara. In aka ce ni na ƙona, wa zai sake saurarona?

Funtua

Da safe muka sami jami'ar da ke kula da bayanai, Malama Zainab. Ta ba mu kujera, ta gaishe mu, abin da ba mu samu jiya ba. Ta buɗo taswira a kwamfuta ta ce, "Baba, ga gonarka, ga kuma tabon wutar."

Na matsa na duba. Na ga rufin kwano, na ga filin ƙwallo. Na ce, "'Yata, ƙara girmanta." Ta ƙara.

Malam Bello ya ce, "Ai wannan firamaren garinmu ce."

Bayan makarantar akwai jujin da ake ƙona shara. A nan aka dasa gonata! Gonar da sai ka haye rafi kafin ka kai ta. Sai na tuna ranar rajista: Sani ya zauna a inuwar darbejiyar bayan makaranta, ya ce rana ta yi zafi, ba sai an je gona ba. Malama Zainab ta duba na sauran 'yan ƙauyenmu. Duk ga mu nan jibge a kan juji ɗaya, gona kan gona, kuma duk an cire mu. Sauran ba su iya karanta saƙon ba ne kawai.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Kun ce mu bar wuta, mun bari. Kun ce mu rubuta, mun rubuta. Mutum ɗaya ya ji ƙyuyar taka ƙasa, ku kuma kuka gaskata shi kuka ƙaryata gari guda, babu wanda ya zo ya tambaya!"

Ta ce, "Gaskiyarka ce, Baba. Ku yi haƙuri." Ta karɓi wayata ta nuna mini yadda zan zagaya iyakar gona da ƙafata, manhajar ta zana da kanta. Ta mayar da sunayenmu a gabana. Amma rabon irin bana an rufe, ta buga waya sama ta roƙa, aka ce sai baɗi.

Komawa gida

Da la'asar muka sauka Kafur, kafin magariba muna gida. Ban ko cire takalmi ba na wuce gona, Malam Bello na biye da ni. Muka bi iyaka daga rafi zuwa tsamiya, waya na hannuna, layi na fitowa a hankali. Washegari na bi sauran manoma gona gona muka yi haka, iri kuwa kowa ya nemo a kasuwa.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hajiya Rabi da mijinta, da Malama Zainab da ta san girman furfura. Malam Bello kuwa, da ya bar shanunsa ya sha wulaƙanci a bakin titi saboda ni, Allah ya saka masa da alheri. Sani yana nan a kujerarsa. An ce mini makon jiya an tura shi rajista wani ƙauye ta wajen Musawa. Duk wanda ke da ɗan'uwa a can, ya gaya masa kar ya yarda a auna masa gona daga inuwa.