Sun Ce Da Sauƙi

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Littafin da nake rubutu a ciki na ɗiyata ne na lakwal, wato makarantar boko, wanda ta bar shafuka a bayansa, kuma ya yi damina biyu a ƙarƙashin katifata. Duk ran da na buɗe shi sai in ce, to in na rubuta, ba tonon asirin gida ba ne? In na faɗi abin da maigida ya ce, ban ci namansa ba, alhali shi ke ciyar da ni? Sai da na tambaye shi. Ya ce, "Rubuta mana, ai ba sata kika yi ba." Ko bayan haka na ƙara watanni, don ban tabbata ya gane cewa wasu za su karanta ba. Karatuna aji shida ne, a nan na tsaya. Mai karatu ya yi haƙuri da abin da ya gani.

Daga wani ƙauye a bayan Yauri, ta nan kusa da mu, aka kawo ni aure Matamaye. Maigidana tela ne. Da damina yana noma, da an kai gero rumbu sai ya ɗaure kan keken ɗinkinsa ya tafi Legas cin rani. A can yawo yake da keken a kafaɗa, unguwa-unguwa, yana kaɗa almakashi don a san ya zo. Ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗowa. Mutum ne mai sanyin hali. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa kulle ni ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Ni ce haka nake tun ina yarinya. In ina alwala sai in manta ko sau biyu na wanke hannu ko sau uku, in sake daga farko, har ruwan buta ya ƙare. A lakwal ina goge rubutu har takarda ta huje. Innata takan ce, "Ke kam, ko ruwa aka miƙo miki sai kin tambaya na wane ne." Da na yi aure sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka, don na samu wanda zan riƙa tambaya. In ara wa maƙwabta turmi? In yi wa yarinya kitso yau ko gobe? In ya ce yi, sai ƙirjina ya buɗe. Da damina, yana gida, lafiyata lau.

Ran tafiyarsa kowace shekara yakan tsaya a zaure ya faɗi magana guda. "Ga hatsi nan, ga yara nan. In dole ta kama ki fita, ba sai kin jira ni ba." Shi a ganinsa sauƙi ya yi mini. Ni kuwa wannan kalma ta dole ita nake juyawa wata bakwai. Ɗiban ruwa a famfo dole ne, na yarda. Kai yaro gidan likita dole ne. To suna fa? Gaisuwar mutuwa a layinmu, da gaisuwar mutuwa a wata unguwa, duk ɗaya ne? Sai in ɗauki salula in kira shi. Yakan amsa cikin hayaniyar motoci, "Je ki mana." Kalma uku, su ke nan, amma in ban ji su ba ƙafata ba ta ƙetare dokin ƙofa.

Akwai Hajiya, maƙwabciyarmu, katanga ɗaya ta raba mu. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, tana sayar da ƙuli-ƙuli. In ta ji ina waya sai ta leƙo ta kan katanga.

"Ƴar nan, an buga Legas? Ya ba ki izinin atishawa, ko sai gobe?"

Nakan yi dariya. Ita ma ba da mugunta take yi ba.

Bazarar shekaran bara, da hantsi, ina tsince wake, saƙon murya ya shigo daga matar yayana, wadda Inna ke zaune a hannunsu. Ta ce, "Inna ce ba ta ɗan jin daɗi, ta faɗi jiya a bakin madafa, amma da sauƙi. Da sauƙi, alhamdu lillahi. Na ce dai in sanar da ke."

Na saurara ya fi sau goma. Ni ba baƙuwa ba ce, na san yadda muke magana. A wurinmu marar lafiya kullum da sauƙi yake, ko da ana ɗiga masa ruwa da cokali. Amma ta faɗa har sau biyu, kuma muryarta ba ta rawa. Ba ta ce in zo ba, ta ce ta sanar da ni. In da sauƙi ne, to dole ba ta kama ba. Haka kaina ya lissafa.

Na kira maigida. Waya a kashe. Na sake kira, na sake, na hau kan turmi ko rezo ne, wato layin waya, ya yi rauni. Daga baya na ji ashe salularsa ta faɗa kwata tun kwana biyu kafin nan, yana tara abin sayen wata.

Na kira matar yayana.

"Yaya, in zo ne?"

"To, in kin samu hali. Ai da sauƙi."

"Ba ni ita mu gaisa."

"Ta samu barci yanzu."

Yau na gane ba za ta iya cewa in zo ba. Matar wani ce ni, ba ta da hurumin ta fitar da ni daga ɗaki, kuma ba a yi wa marar lafiya mugun baki. Ta faɗa mini iyakar yadda ake faɗa. Ni ce na tsaya a kan harafi.

Hajiya ta shigo ta same ni zaune da waya a cinya, waken na nan yadda na bar shi. Na gaya mata.

"To me kike zaune yi? Tashi, ni zan riƙe miki manyan yaran."

"Ban same shi ba, Hajiya."

"Ba ya ce in dole ta kama ki fita ba?"

"Sun ce da sauƙi."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. "Wa kika taɓa ji an ce da tsanani? Ran da Alhaji zai cika, da bakin nan nawa na ce wa mutane da sauƙi, ina riƙe da ƙafarsa tana sanyi. Uwarki ce fa, ba akuyar gidanku ba."

Na tashi. Na goya ƙaramin, na sa hijabi, na ɗaura ƴan kaya a ɗankwali. Har na kai zaure. A nan, daidai inda yake tsayawa ya yi sallama, wani tunani ya tare ni. Fita ya ce, bai ce tafiya ba. Barin gari da kwana a wani wuri, wannan tafiya ce. Ban taɓa kwana a waje ba sai da na ji daga bakinsa. Abin da nake ji a wa'azi game da matar da ta bar ɗakinta ba izini ya riƙa dawo mini. Na ce in na tafi da zunubi a kaina, wace addu'a zan yi wa Inna ta karɓu? Na fi rabin sa'a a tsaye, masu kabu-kabu biyu suka wuce a kan babur suna mini oda. Na koma ciki na cire hijabin. Na dafa waken.

Washegari ma haka. Na sa hijabi, na kai zaure, na dawo. Ina kira ana ce mini a kashe. Hajiya ta daina mini magana da safe, da rana kuma ta yafa mayafi ta tafi har bayan tasha, gidan wani da ke kwana ɗaki ɗaya da maigida a Legas, ta karɓo lambarsa daga matarsa. Mutumin ya ce sun fita aiki daban-daban, amma zai gaya masa.

Rana ta uku da sassafe wata baƙuwar lamba ta shigo, na ɗauka sai na ji muryar maigida.

"Kina ina?"

"Ina gida."

"Gidan Matamaye? Me kike jira?"

"Kai nake jira, Malam."

Ina jin ana zuba ruwa a bokiti a kusa da shi. Sannan ya ce, a hankali, "Tashi ki tafi yanzu."

Ko minti biyar ban yi ba na fita. Ƙafar da ta ƙi ɗaguwa kwana biyu, sai ga ta tana gudu. Mai kabu-kabu ya bi da ni ta gefen fadama, ta lambunan rake da aka gama sara, hanyar da ba ta kai tsawon dafa tuwo ba. Abin da ya riƙa cin raina ke nan a kan babur, kusancin wurin.

Na tarar da Inna a ɗakinta, kwance a tabarma, bakinta ya karkace gefe guda, hannun dama kamar ba nata ba. Idonta a buɗe. Matar yayana ta ja ni waje ta ce ranar farko tana magana, harshen ne dai ya yi nauyi. Inna ta tambaye ni sau biyu. Ta ce, autata ta iso? Jiya da la'asar abin ya sake buge ta, maganar ta ɗauke.

Na ce, "Yaya, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Ai na gaya miki. Me kike so in ce?"

Na koma na durƙusa. Na kama hannun hagu, mai motsin, na ce, "Inna, ni ce. Na makara. Ki yafe mini." Yatsunta suka matse nawa. Ko dai na ce sun motsa a cikin nawa, don ban san wanne ne gaskiya ba. Majo, babban malamin jinya na yankin, ya zo ya auna ta, ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Na so in tambaye shi ko tana jin abin da ake faɗa, amma maza sun cika ɗakin, na kasa.

Kwana biyar ta ƙara. Kullum ina ba ta kunu da cokali, ina goge mata baki, ina maimaita roƙona. Wata rana hannun ya matse, wata rana bai matse ba. Ran nan ma matar yayana ta kama hannun don ta juya ta, na ga ya matse nata daidai yadda yake matse nawa. Bayan an kai ta, yayana ya ce, "Ta yafe miki, wace uwa ce ba ta yafewa?" Na gode masa. Amma shi ba bakinta ba ne.

Maigida ya dawo da farkon ruwa. Bai yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Da ya yi, ina jin da na fi samun inda zan ajiye abin. Da kaka ta yi, ran tafiya, ya tsaya a zaure yana ɗaure keke, sai ya ɗaga murya ya kira Hajiya ta kan katanga.

"Hajiya, ki zama shaida. Na ba ta izinin ko'ina. Fita, da tafiya, da kwana, har in dawo."

"Na ji, na dangwala hannu. Har da atishawa?"

"Har da ita."

Mako guda na yi kamar wadda ta warke. Na je suna a Kance ban kira kowa ba. Sai wata rana ina tankaɗe na tuna bai dube ni ba da yake maganar, igiya yake kallo, kuma da ya gama ya sauke numfashi. To izinin da mutum ya bayar don ya gaji da kai, izini ne? Da zuciya ɗaya ya bayar ko don a rabu da shi? Na ajiye rariya na ɗauki salula. Tun daga ranar na koma gidan jiya.

Na je wurin wani malami a unguwarmu, ya ce waswasi ne, in yi watsi da shi, ya ba ni rubutu na sha. Na je gidan likita, suka auna ni suka ce jinina daidai, suka ba ni ƙwayar barci. Ban sha ba sai da na tambaya, da ya ce in sha kuma sai na ji tsoron kada in makara sallar asuba. Maigida yanzu salula biyu yake yawo da su, ƙaramar a ƙulle cikin leda a aljihun ciki. Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba. In ya kira yakan ce, "Yaya zuciyar?" In ce, "Da sauƙi."

Ga abin da ya sa na rubuta. A cikin masu karatu ba za a rasa wanda ke aikin jinya ba, ko wanda ya yi jinyar mai shanyewar jiki, ko ma wanda shi kansa harshensa ya taɓa ɗaukewa Allah ya dawo masa da shi. Ina roƙon a gaya mini. Mutum in yana cikin wannan hali, idonsa a buɗe, yana jin abin da ake faɗa masa? Yana gane mai maganar? Matse hannun nan da niyya ake yi, ko jiki ne kawai ke yin abinsa? Wanda ya sani ya aiko da amsa ta hanyar da wannan rubutu ya iso gare shi, zan sa a karanta mini in rubutun ya fi ƙarfina. Roƙona ɗaya, a faɗa mini yadda abin yake, kada a ce mini da sauƙi.