Allon da Auta Ya Yi wa Mai Fanka

A kashe rediyo, a gyara zama! Ga takwaran sarakuna, takwaran masanan taurari, takwaran ɗan ƙwallon da ake rufe shaguna don kallonsa. Ga Mai Fanka, mai shago tsakanin mai faci da kantin magani, shagon da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito a sha iska.

Sunansa na yanka babba ne, irin wanda in ka kira a tasha rabin mota za ta waiwayo. Sai dai rabon da a kira shi da shi tun yana saurayi. Matarsa ma Mai Fanka take ce masa. Benci ɗaya ya sani, da tabarau mai ƙafa guda ɗaure da waya, da wata mushen fanka da ya rataye a ƙofa, wadda kowa ke kwatance da ita. In ka kawo gyara ba ya tambayarka komai. Zai juya fukafukan da yatsa, ya kara kunne, ya ce, "Kun bar yara suna shanya mata wanki." Shi kuwa da kwali yake fifita.

Ana haka wani sabon mai gyara ya buɗe shago a tsallaken titi, da gilashi da fitilu, ciniki ya fara tsallakawa. Abin ya tsaya wa Auta a rai. Auta ƙaninsa ne, mai fenti, wanda bai taɓa gama bango ɗaya ba kafin ya hau wani.

"Yaya, kana zaune kan suna irin wannan, yaron jiya yana kwashe maka mutane? Na duba a waya, takwarorinka sun ci ƙasashe!"

Mai Fanka ya ci gaba da naɗa waya.

Ranar da ya tafi duba 'yarsa da ta haihu, Auta ya kafa tsani. Ya sauke mushen fankar, ya kafa ƙaton allo: sunan yanka da ruwan zinari, ga sarki da takobi, ga tsoho yana leƙen taurari, ga ɗan ƙwallo a sama. Fanka ce kawai ya manta bai zana ba.

Wata dattijuwa ta iso da fanka a ka. Ta dubi allon, ta dubi rufaffen shago.

"Allah sarki, ɗan nan, yaushe Mai Fanka ya tashi?"

"Iya, ai shi ne wannan!"

"Wannan mai takobin? Kai, ka ji tsoron Allah." Ta tsallaka titi.

Yara suka zo tambayar ƙarfe nawa za a nuna wasa. Kafin la'asar mai kantin magani ya karɓi gaisuwar ta'aziyya har sau biyu daga masu zaton Mai Fanka ya rasu. Auta na tsaye, fenti har a gira, yana kallon fankoki suna wuce shi.

Da Mai Fanka ya dawo, ya daɗe yana duban allon. Bai yi faɗa ba. Ya sa aka sauke, ya kifa shi kan bulo ya zama tebur, ya mayar da mushen fankarsa kan ƙusa. Washegari dattijuwar ta dawo da tata, wai na tsallake ya ce sai dai ta sayi sabuwa.

Auta bai haƙura ba. Ya tsaya a ƙofa ya ɗaga hannu. "Jama'a, duk da haka ku sani, wannan da kuke gani takwaran sarakuna ne!"

Mai Fanka bai ɗago ba.

"In tasu ta lalace su kawo. Matsa, ka tare min haske."