Koren Gishirin da Ya Koma Rawaya

Ni dai Allah ya yi ni da saurin zargi, ba sai an faɗa mini ba. Lokacin da nake koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Lafiya, mabuɗin kabad ɗin ɗakin gwaji guda biyu ne, ɗaya a jakata, ɗaya a hannun matar da ke mana shara da wanke kwalabe. Dattijuwa ce, kullum daga Kwandere take hawo keke napep, kowa Mama yake ce mata. Ba ta da takardar ɗaukar aiki, amma da sharar nan take ciyar da jikokinta.

A kabad ɗin akwai kwalbar da nake ji da ita, ta gishirin nikel kuloraid. Kore ne shar kamar ganyen rogo, kuma ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayoyinsa ne ke ba shi wannan launi. Ga shi mayen danshi. Idan murfi bai rufu da kyau ba da damina, sai ya jiƙe ya fara narkewa.

Wata Litinin na buɗe kwalbar zan shirya wa ɗalibai gwaji. Innalillahi! Gari na gani rawaya, ya sauka ƙasa sosai. Na ɗora a sikeli, nauyin ma ya zube. Nan take raina ya ba ni an kwashe na gasken an zuba mini garin fenti.

Na sa wa Mama ido. Jakarta kullum a kumbure, me take cusawa ciki? Ta daina haɗa ido da ni. Sai kuma na ga yatsunta sun feso da ƙuraje tana ta susa, ni kuwa na san nikel na sa ƙaiƙayi. Na ce yawwa, ta taɓa shi ke nan.

"Mama, wa ya buɗe kwalbar nan?"

"Malama, wallahi ban ɗauki komai ba."

Ban bari ta ƙara kalma ba, na wuce ofishin shugaban makaranta ina huci. Ya sa aka karɓe mabuɗin hannunta, ya ce ta zauna a gida har a bincika. Ga mai aiki irin nata, wannan kora ce.

Bayan kwana biyu na ɗauko kwalbar zan wanke jabun garin in huta. Ina zuba ruwa, sai ga kore yana bin garin har ƙasa. Ashe gishirina ne, ruwansa kawai aka kora da zafi, shi ya sa launi ya tafi, nauyi ya bi shi. Abin da nake rubuta wa yara a allo duk shekara! Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Da aka tashi na tafi Kwandere, na same ta tana shanya rogo a tsakar gida.

"Malama, na ga gishirinka yana jiƙa, zai lalace," in ji ta, da Hausarta ta kasuwa. "A gida idan gishiri ya jiƙa, a wuta muke sa shi. Na sa a risho, na murje da hannu. Da ya canja kala, tsoro ya kama ni."

Na ba ta haƙuri har da hawaye, na ce guba ne, kada ta ƙara taɓa shi, ta je a duba hannun. Washegari na koma wa shugaban da bakina na janye maganata, aka dawo da ita.

Mabuɗin dai ta ƙi karɓa. Kuma tun daga ranar, duk lokacin tashi sai ta zo teburina ta zazzage jakarta: ɗankwali, kwanon abinci, man zafi, ragowar rogo. Na roƙe ta ta daina, har faɗa na yi mata.

"A'a, Malama, gara ka duba," take cewa.

Haka ta yi ta yi har na bar makarantar.